Juma'ar da Na Ja Hannun Alhaji

Akwai labari guda da kuke bayarwa a kaina a duk taron suna da biki, kuma ba daidai kuke ba da shi ba. Da kunnena na ji 'yar'uwarku Hadiza tana ba dangin mijinta, ina zaune a soro, har da kwaikwayon muryata, wai a tsakiyar ƙasar Sin na daka wa kakanku tsawa na ce, "Tsoho, ɗaga ƙafa!" Ban faɗa ba. Wallahi ban faɗa ba, kuma kun san ni ba mai saurin rantsuwa ba ne. Abin da na faɗa zan kawo shi a wurinsa. Akwai kuma wani abu a ƙarshen labarin wanda shi ma ba haka yake ba, shi ne ma ya fi damuna. Don haka ku karanta har ƙarshe kafin wani ya sake buɗe baki.

A waɗancan shekarun ina yin wata huɗu a Guangzhou, wanda mu 'yan kasuwa muke kira Gwanzu, in yi wata biyu a Kano. Aikina saya wa mutane kaya, galibi takalma da jakunkuna, in tsaya a kansu har a loda su a kwantena a tashar jirgin ruwa ta Huangpu. Gida ɗaya muka kama da Isufu, mutumin Damagaram, wanda rana ba ta taɓa faɗuwa bai tsokane ni ba don ni Bakano ne. Mutumin kirki ne, amma bakinsa ba linzami.

Alhaji kuwa, mahaifin Ummanku, sai na gaya muku yadda muke da shi kafin wannan rana, don ku ba ku san wancan zaman ba. Shekara ashirin da biyu ina auren 'yarsa, ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa zama tabarma ɗaya da shi ba, ban taɓa kallon ƙwayar idonsa ba. In na je gaishe shi, tun daga bakin zaure nake cire takalmi, in durƙusa nesa, in gai da shi ina kallon ƙasa, shi kuma ya amsa yana kallon bango. Bai taɓa kiran sunana ba, sai dai Malam. Lambar wayarsa tana cikin wayata, amma yatsana bai taɓa danna ta ba. Duk abin da ke tsakaninmu ta bakin Ummanku yake bi. Na san ku kuna ganin wannan wauta ce, tunda ga mijin Hadiza har hannu yake miƙo mini, ya zauna ya harɗe ƙafa. Mu haka muka tashi muka ga iyayenmu suna yi da surukansu, kuma ni in na riƙe abu, riƙe shi nake yi har ya yi mini ciwo.

Abu na biyu da za ku sani game da shi, Juma'a. Tun da ya dawo daga hajjinsa na farko, sama da shekara talatin, bai taɓa rasa sallar Juma'a ba. In tafiya ta kama shi, sai ya tsara ta yadda Juma'a za ta riske shi a garin da ake yin ta. An taɓa yi masa aikin ido ranar Laraba, bayan kwana biyu ya sa aka kai shi masallaci da bandeji a fuska. Ba ya alfahari da abin a baki, amma kowa a unguwarsu Gwammaja ya sani, har misali ake yi da shi.

A shekarar da abin ya faru ya je Shanghai da wani amininsa ganin injunan niƙa. Da suka gama, aminin ya yanka masa tikitin jirgi mai sauƙi, ya sauko wurina ya yi mako guda. Ranar Laraba Ummanku ta kira ni.

"Baba zai sauka Juma'a da ƙarfe goma da rabi na safe. Ya ce a gaya maka ya zaɓi jirgin safe ne don ya samu salla a babban masallacinku. Don Allah, Malam, kada a samu matsala."

Ita da ta san ni, ban san dalilin da ya sa ta ƙara wannan ta ƙarshen ba. Daga ranar abinci ya daina yi mini daɗi. Na share ɗaki sau uku, na sayi sabuwar buta da sabon zanen gado, na je masallacin ranar Alhamis na tambayi lokacin da ake tayar da salla, ko da yake shekara shida ina yin ta a wurin. Aka ce ɗaya da rabi, yadda na sani. Da la'asar Isufu ya same ni ina goge rigar da na riga na goge.

"Wane ayaropor zai sauka?" Su haka suke ce wa filin jirgi.

Na ce, "Filin jirgi nawa ne a Gwanzu? Guda ɗaya ne. Na sauka a cikinsa ya fi sau goma."

"Kira shi dai ka ji. Waya ba ta cizo."

"Surukina ne, Isufu."

"To surukinka ba shi da kunne? Mu ma a Damagaram muna da kunya, amma ba mu hawa jirgi da ita. Ku Kanawa har kuɗin awo kuke biya mata."

Na yi masa banza. Ga shi yau ina rubuta maganarsa da hannuna.

Ranar Juma'a na yi wanka, na yi alwala, na bar gida ƙarfe bakwai. Takwas ta same ni a babban filin jirgi, tsaye a ƙofar fitowa da lema a hannu ko za a yi ruwa. Awa biyu da rabi na tsaya ban zauna ba, don kada ya fito ya same ni a zaune. Jirage daga Shanghai suna ta sauka, mutane suna ta tuɗaɗowa kamar an buɗe dam. Goma da rabi ta yi, ta wuce. Duk mai farar riga sai in ɗauka shi ne. Sha ɗaya ta yi. Na fito da waya na nemo lambarsa, na ɗora yatsa a kai, na tsaya. Me zan ce? In ce, Baba kana ina? Ni? Sai na kira Ummanku, alhali a Kano ƙarfe huɗu ne na asuba.

"Ya sauka?" ta ce, muryarta duk barci.

"Ban gan shi ba. Kira shi ki ji."

"Kai da kake gari ɗaya da shi?"

"Kira shi dai."

Ku duba wannan lamari. Magana ta tashi daga Sin ta je Kano, ta juyo daga Kano ta dawo Sin, ta sake komawa Kano, sannan ta zo mini. Minti goma ya tafi a haka.

"Ya ce ya sauka tun ɗazu. Yana zaune a ƙofar fita."

"Ni ma ina ƙofar fita. Wace lamba?"

"Ya ce ƙofa ɗaya ce. Ya ce kowa ya watse, daga shi sai wata mai shara."

Na dubi dubban mutanen da ke kewaye da ni. Na ce ko yana da takardar tikitin. Ta ce ai tun Laraba aminin Baba ya turo mata hotonta. Tun Laraba! Na ce me ya hana ki turo mini? Ta ce ai ban tambaya ba, kuma da rubutun Sin ne, me zan gane a ciki. Wannan maganar har yau ba mu gama ta da ita ba. Ta turo, na kai wa wata yarinya da ke zaune a teburin tambaya. Ta duba, ta girgiza kai.

"Meyo, meyo," wato babu. Ta nuna ƙasa da yatsa ta sake girgiza kai, sannan ta nuna can yamma. "Foshan."

Foshan gari ne da ya haɗe da Gwanzu har ba ka gane inda wannan ya ƙare wancan ya fara. Na sha zuwa can sayen tayil da kujeru. Amma cewa akwai wani ɗan filin jirgi a bayansa, inda jirage masu araha suke sauka, ban taɓa ji ba sai ranar. Ga shi babban filin yana arewa da gari, wancan yana yamma, masallaci yana tsakiya, sha ɗaya kuma har ta gota da kwata.

Na shiga tasi. Direban wani gajeren mutum ne mai kwalbar shayi a gefen giya. Na nuna masa hoton, na nuna agogo, na ce "kwai, kwai," wato sauri, don Sinancina bai wuce na ciniki ba. Ya ce, "Oke, lawban," wato maigida, ya ci gaba da tuƙi yadda ya ga dama. Awa guda cur muka yi. A hanya na yi lissafin mintoci ya fi sau hamsin, kowane lissafi da amsarsa daban. Isufu ya kira, na ƙi ɗauka.

Filin bai kai tashar Unguwa Uku girma ba. Ba tasi ko ɗaya, ba bas, ba kowa. Ashe motocin wurin jirgi suke jira, in sun kwashi mutanensa sai su tafi, sai kuma wani ya sauka. Can ƙarƙashin rumfa na hango Alhaji da babbar riga fara, zaune a kan wata 'yar kujerar roba da mai sharar ta ba shi, yana jan carbi, akwatinsa a gefe ɗaure da igiya. Na roƙi direba da hannu biyu ya jira ni. Ya nuna agogo, ya kai yatsu baki. Sha biyu ta wuce, su kuwa mutanen nan ba abin da ke shiga tsakaninsu da abincin rana. Na ajiye masa jakata a kujera don kada ya gudu.

Na cire takalmi a kan siminti mai zafi, na durƙusa. Ko gobara ake yi ba zan fasa gaisuwa ba. Na tambayi hanya, na tambayi gajiya, na tambayi mutanen gida, ya amsa ɗaya bayan ɗaya yana kallon wata bishiya. Direba yana ta danna hon.

"An dai sha hanya," Alhaji ya ce wa bishiyar. "Wata babbar mota ta tsaya mini ɗazu, direban yana ta cewa Gwanzu, Gwanzu. Na ce masa ya tafi abinsa, akwai mai zuwa tarbata."

Da Hausa ya gaya masa. Da ya shiga motar nan, da tuni yana cikin gari. Amma dattijo kamarsa ba ya shiga garin da surukinsa yake kamar wanda ba shi da kowa, kuma shi ma da lambata a wayarsa, bai danna ba. Ni ban ce laifinsa ne ba. Ina dai faɗa ne don a sani.

"An yi alwala a nan," ya ƙara gaya wa bishiyar. "Ba abin da ya rage sai masallaci."

Niyyata in sa shi a baya, ni in zauna gaba kusa da direba. Sai aka buɗe but ɗin motar, tukunyar gas ta cinye rabinsa. Akwatin nan kuwa cike yake da saƙon mutane, kilishi da kuka da daddawa da yaji na ɗalibai 'ya'yan maƙwabta, ya ƙi shiga ta kowace fuska. Direba ya ɗauke shi ya dasa a kujerar gaba, har da ɗaura masa bel. Saura kujerar baya. Na tsaya a waje ina zufa, ina tunanin ko in rungumi akwatin a cinyata, direba ya ce wani abu da ƙarfi wanda na tabbata ba addu'a ba ce. Na shiga. Na manne da ƙofa har hannunta ya yi mini shaida a haƙarƙari. Duk kwanar da aka sha sai gwiwata ta taɓa rigar Alhaji, in ce a yi haƙuri, shi kuma ya yi kamar bai ji ba.

"Ƙarfe nawa suke tayarwa a nan?" ya tambayi gilashi.

"Ɗaya da rabi, Baba," na gaya wa gwiwata.

Sai carbin ya ƙara sauri. Wannan ƙarar carbin ta fi mini zagi ciwo.

Ɗaya saura biyar muka iso bakin gari, kusa da gadar da ke tsallaka kogi, muka tarar da motoci sun tsaya cak, iya ganinka. Minti biyar ba mu yi taku goma ba. Direba ya buɗe kwalbar shayinsa ya kurɓa, ya ce, "Meyo." Sannan ya nuna mini alamar tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa a tsallaken titi, ya ɗaga yatsu biyar. Na gane. Tasha biyar ce daga nan zuwa wadda ke kusa da masallaci, ba canji.

A nan ne na yi shawarar da ta canza zamana da kakanku. Na san jirgin nan. A irin wannan lokaci mutane kamar ashana a kwali suke, ƙirji da ƙirji, ba babba ba yaro, ba mace ba namiji. In na sa Alhaji a ciki, sai na riƙe shi, sai na tura shi, sai na ba shi umarni. In kuwa muka zauna a tasi, ba wanda zai zarge ni. Cunkoso daga Allah ne, kuma ko yaron makarantar allo ya san Juma'a ba ta wajaba a kan matafiyi. Alhaji kansa ba zai ce komai ba, zai yi Azahar ɗinsa ya yi shiru. Amma ni zan san cewa shekara talatin ɗin mutum ta yanke ne saboda yatsana ya kasa danna waya. Na san kaina. Da har kabari zan tafi da shi.

Na ce, "Baba, sauka za mu yi."

Na sallami direba, na ɗora akwatin a ka kamar ɗan dako a kasuwar Kwari, muka ratsa tsakanin motoci, mutane suna ɗaukarmu hoto ta taga. A ƙofar tasha akwai na'urar da ake saka kaya a duba. Akwati ya shiga ya fito, wata ma'aikaciya ta ce a buɗe. Na kwance igiya, warin daddawa ya tashi, na bayanmu suka ja da baya. Ba ta kula da wannan ba. Wata gora ta zaro, cike da ruwa baƙi-baƙi, saiwoyi suna yawo a ciki. Jiƙon Alhaji ne na basir. Dokarsu ita ce in kana ɗauke da abin sha, sai ka kurɓa a gabansu su tabbata ba wani abu ba ne. Ta kai hannu baki ta nuna masa.

"A gaya mata na sha na yau," in ji Alhaji. "Mai maganin ya ce sau ɗaya ne, da sassafe."

"Baba, in ba a sha ba za su riƙe."

"To ba za a bar shi ba. Daga Bichi aka kawo mini."

Agogon bango ya nuna ɗaya da minti takwas. Na buɗe gorar na kafa kai. Ni da ban taɓa shan ko ruwa a gabansa ba, na tsaya a tsakiyar tasha ina kwankwaɗar maganin basir ɗin surukina. Ɗacinsa har cikin kunne na ji shi. Matar ta yi dariya ta ce mu wuce.

"An sha da yawa," Alhaji ya ce wa silin. "Rabin murfi ake sha."

Muna saukowa ƙasa jirgi yana tsaye, ƙofofinsa a buɗe, ƙararrawar rufewa ta fara. Alhaji yana tafe a hankali, don shi a wurinsa ba a zuwa salla da gaggawa. In wannan ya tafi, na gaba ba zai kai mu ba. Hannu ɗaya yana riƙe da akwati a kaina, na miƙa ɗayan na cafki wuyan hannunsa. Ga abin da na ce, kalma biyu, ku rubuta ku ajiye:

"Baba, gudu!"

Ba tsoho a ciki, ba ɗaga ƙafa. Ya kuwa yi gudun, babbar riga tana tashi, ƙofa ta rufe ta kama bakinta, wani ya taya mu fizgowa. Abin da ban taɓa gaya wa kowa ba shi ne yadda na ji hannun nan. Ni a raina Alhaji ƙaton mutum ne, ashe wuyan hannunsa bai fi na Hadiza ba lokacin tana firamare. A cikin jirgi aka matse mu fuska da fuska, ba inda zan kai idona. Ranar na fara ganin yana da tabo a gira. Yana haki, numfashinsa yana ƙamshin kanumfari. A tasha ta biyu wani saurayi ya tashi ya ba shi wuri, Allah ya shirye shi.

A tasha ta uku jiƙo ya fara aiki. Ba zan yi dogon bayani ba, ni mahaifinku ne. Cikina ya juya, ya yi ƙugi, jirgi yana girgiza, ana turo ni ta ko'ina. Da muka fito ban iya rantsewa alwalata tana nan ba, ban kuma iya rantsewa ta tafi ba. Mu kuwa a karatun da aka yi mana, kokwanto kansa yana karya alwala.

Daga tasha zuwa masallaci tafiyar minti goma ce, muka yi ta a bakwai, har yanzu ina riƙe da hannunsa don na manta in saki. Muna shiga ƙofa muka ji karatun liman. Sahu ya cika masallaci ya fito har cikin lambu, ƙarƙashin bishiyoyi, mutane a kan kwalaye da jaridu.

"Raka'a ta biyu ce," Alhaji ya ce, don ya gane surar. Muryarsa ta canza.

Wanda ya samu ruku'un raka'a ta biyu ya samu Juma'a. Wanda ya rasa shi ya rasa. A sahun ƙarshe na hango 'yar kafa tsakanin wani Bapakistane da wani tsoho Basine mai farar hula. Na dire akwati, na durƙusa na zare wa Alhaji takalma da hannuna, na dafa bayansa na tura shi ciki. Ya yi kabbara. Bai gama sauke hannu ba liman ya yi ruku'u.

Ni kuwa na tsaya. Famfunan alwala suna can ciki, sai ka keta sahu ashirin. Akwai wuri a bayansa, ko a kan ciyawa ne zan iya tayarwa. Na ɗaga ƙafa zan cire takalmi, zuciyata ta ce da wace alwalar? Na mayar. Na sake ɗagawa. Ina cikin haka aka ɗago daga ruku'u. Haka na tsaya a bayan dubban mutane rungume da takalman Alhaji, ina jin hayaƙin masu tsire daga bakin ƙofa, har aka yi sallama.

Alhaji ya tashi ya cika raka'arsa, ya daɗe yana addu'a. Da ya juyo na yi sauri na ajiye masa takalma na durƙusa, ina shirya abin da zan ce in ya tambaya, wanda ba zai zama ƙarya ba kuma ba zai zama gaskiya ba. Bai tambaya ba.

"Malam," ya ce. Ba bishiya ya gaya wa ba, ni ya kalla. "Wanda ya yi salla ba ya rungume da takalman wani. Cire naka. Je ka yi alwala ka yi Azahar ɗinka, ina nan."

Da na idar na fito, na same shi zaune a kan akwati, mutane suna ta wucewa, takalmana a kan cinyarsa don kada a tattake su. Na rasa inda zan sa kaina.

Kada ku ɗauka daga nan sai daɗi. Kunyar da na karya ranar ba ta sake ɗinkuwa ba, kuma ni na biya. Tun a makon ya ce tare za mu riƙa cin abinci, na yi kwana bakwai ina tashi da yunwa. Da ya koma Kano ya gano lambata tana aiki. Kullum sai ya kira. Farashin inji, ciwon gwiwa, rigimar masallacin unguwa, wanda ya mutu, wanda ya kamata ya mutu bai mutu ba. Ina tsakiyar lodi a Huangpu waya za ta yi ƙara, in cire takalmi a gaban ma'aikata in amsa, Isufu yana riƙe ciki don dariya. Asibiti ni, gona ni, rabon faɗa tsakanin 'ya'yansa ni. Ummanku har cewa ta yi, "Ni aka haifa, kai aka ba gadon hira." Bayan shekara biyu na bar zaman Sin gaba ɗaya na dawo gida, rabin dalilin shi ne, don ya ƙi yarda kowa ya kai shi ko'ina sai ni. Kasuwar da na bari a can ba ta dawo ba.

Abin da ya ƙara mini haushi, da na kai wa malaminmu na Fagge tambaya, dariya ya yi. Ya ce hukuncin kokwanto na masu lafiya ne. Mutum irina, wanda kokwanto ya zame wa ciwo, wanda yake komawa ya duba ƙofa sau uku, ba a ce ya bi kokwantonsa ba, watsi zai yi da shi ya yi sallarsa. Wato da alwalata na tsaya ina kallo aka yi Juma'a.

Labarin kuwa Alhaji ne da kansa ya baza shi, shi ne ya ƙara tsoho da ɗaga ƙafa, kowace shekara yana ƙara gishiri, har akwatin ya zama biyu. Kuma kullum da abu ɗaya yake rufewa: "Da ƙyar muka samu Juma'a, ni da Malam." Shi ne kuka gada kuke faɗa. Ban gyara ba yana raye, don gyarawa ƙaryata shi ne a gaban mutane. Yanzu da ya riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansa, ga gyaran: shi ya samu, ni ban samu ba. Azahar na yi, raka'a huɗu, ni kaɗai a gefen famfo.

Sau ɗaya na yi masa maganar, a shekararsa ta ƙarshe, muna dawowa daga masallaci ina tura shi a keken marasa lafiya. Na ce, "Baba, kana cewa mun samu, alhali ka san ban samu ba. Abin yana damuna."

Bai ko waiwayo ba. Ya ce, "Da ƙafar wa na je?"

Na kai wannan amsar wurin malamai biyu. Dukansu sun ce ba ta cikin littafi.